Ranar da Na Shanya Rokokin Malam Milan

Na shiga Istambul da baƙin gemu, na fito da ja. Dillalin da ya haɗa mini tafiyar ya ce kamfanin da zan yi wa tuƙi ba ya ɗaukar tsoho, ni kuwa Sale Direba, mutumin Mahuta, shekara sittin ta riga ta fara yi mini sallama. Sai na sayi rini a kasuwar Funtua na shafe furfura. Mai rinin ya rantse zai yi shekara. Sabulun Turkawa bai ji rantsuwar ba.

A Istambul aka tara mu a wani ɗaki mai warin takalma, mu da 'yan Gini da 'yan Kamaru. Kullum sai wani mai ƙaton agogo ya leƙo ya ce gobe. Da goben ta zo, sai ya ce aikina ba a nan yake ba, yana gaba kaɗan, a Sabiya. Wallahi na ɗauka unguwa ce. Sai da na ga an sake sa ni a jirgi na gane ƙasa ce mai zaman kanta.

A Belgired, babban birnin Sabiya, babu babbar mota, babu ƙarama. Wurin gini aka kai ni. Shugaban leburori ya dubi takardata, ya dubi gemuna, wanda a lokacin ya kasu uku, tushe fari, tsakiya ja, baki-baki baƙi, kamar tutar wata ƙasa. Sai ya nuna mini buhun siminti da matakala. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan kujerar tirela ina yi wa masu lodin auduga tsawa, ga ni yau da buhu a wuya. Gwiwoyina suka yi haƙuri 'yan kwanaki, daga nan suka ƙi. Aka sallame ni. Na kira dillali, wayarsa a kashe, kuma ina jin har yau bai kunna ba.

Na yi zaman tasha. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, shirun ne. Mutane su wuce ka kamar turken fitila, babu sannu, babu ina gajiya. Sai in rufe ido in jiyo tashar Funtua, 'yan kamasho na kiran Malumfashi, mai shayi na kaɗa kofi. Idan Hajara matata ta kira, in ce mata ina kan hanya da lodi. Akwai wata tsohuwa mai sayar da burodi a bakin tashar. Ba mu taɓa yin magana ba, amma duk la'asar sai ta naɗe wanda ya rage a takarda ta ajiye kusa da ni, ta kau da kai kamar ba ita ba. Allah Ya saka mata. Wani Basudane da muka haɗu a masallaci shi ya ce mini can cikin tsaunuka ana neman masu tsinkar 'ya'yan itace, kuma ba sa duban gemu. Shi ya sa ni a bas.

Da na sauka a ƙauyen, wani dogon tsoho mai ɗingishi ya tsaya yana kallona. Can sai ya buɗe baki ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na ja da baya na yi a'uziyya. Na ce yunwa ta kai ni inda Turawa ke Hausa.

Sunansa Milan. Yana saurayi ya yi aikin gini a Kano tare da mutanen ƙasarsu, ya kwaso Hausa ya zo ya ajiye. Ta yi tsatsa, yana kiran mace "kai", namiji "ke", amma tana tashi in an tura. Maganganunsa da zan kawo a nan na ɗan yi musu gyara. Ni na laƙaba masa Malam, shi kuma yake ce mini Alhaji, duk da na gaya masa iyakata Legas.

Ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, ya sama mini aiki a gonar maƙwabciyarsa Rada, wata gwauruwa mai faɗa, da ɗanta Goran. Abin da suke nomawa malina suke ce masa, ɗan ja ne mai laushi, kamar an manna ƙananan duwatsun wuya wuri guda, a jikin reshe mai ƙaya da ake ɗaurewa a waya. Rada ta yi mini alkawari ta bakin Malam Milan: in na tsaya har aka gama tsinka, ita za ta tsaya mini in samu tikitin gida kafin takardar zamana ta mutu. Ke nan hanyata ta komawa Funtua tana rataye a jikin waɗannan rassa. In malina ta lalace, babu aiki, babu dalilin riƙe ni.

Wata rana muna cikin tsinka hadari ya haɗo daga yamma, baƙi ƙirin. Na ɗaga hannu na ce alhamdu lillahi. Na duba, kowa fuska a murtuke. Malam Milan ya jefar da bokiti, ya kama hanyar tudu da ɗingishinsa, wayar oba-oba na surutu a ƙugunsa. Na bi shi. A kan tudun akwai ɗakin kwano da wani ƙarfe mai layuka yana kallon sama. Ya fito da wani abu mai tsawon taɓarya, mai tsini da fukafukai a gindi, ya zura a layin ƙarfen, ya juya shi yadda muryar cikin waya ta ce, ya ja ni muka koma nesa bayan wata katanga, ya danna.

Ni dai na tsinci kaina a ƙasa, hulata a wani wuri. Abin ya yi ƙara kamar an yaga sama, ya bar farin hayaƙi miƙe, ya shige cikin hadarin.

Na ce, "Malam, hadari kuke harbi? Mu a garinmu fita muke bayan gari da yara da tsofaffi muna roƙonsa!"

Ya ce, "Alhaji, mu ma muna son ruwa. Ƙanƙara ce ba mu so."

Ya ce abin da ya harba roka ce, a kanta akwai wani garin magani da take watsawa cikin girgije. Ruwan sama yana neman abin da zai daskare a jikinsa. In abin kaɗan ne, kowace ƙanƙara sai ta yi ƙiba ta sauko kamar dutse. In an watsa da yawa, sai su rarraba ruwan, kowace ta samu kaɗan, ta narke kafin ta iso ƙasa. Na ce wannan na gane, tuwon gidan yawa ne, ba mai ƙiba.

Amma ni direba ne, abin da ya tsaya mini shi ne injin. Washegari muna cin abinci a gindin bishiya na tsare shi. Na ce, "Ina tankinta? Ina take shan mai?"

Ya ce babu tanki. Ya ɗauki kokwamba daga faranti, ya yanke kai da gindi, ya huda tsakiya da wuƙa daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce bawon shi ne kwanson rokar. Naman ciki shi ne makamashin, kuma ba ruwa ba ne, daskararre ne kamar sabulu ko roba, tun a masana'anta ake zuba shi ya kame a jikin kwanso.

Ya tambaye ni, "Me wuta take so?"

Na ce itace.

"Da me?"

Na tuna maƙerar Mahuta na ce iska, shi ya sa ake zuga.

Ya ce to, a cikin wannan sabulun an kwaɓa abu biyu, wanda zai ƙone da wanda zai ba shi iska. Gawayi da zugazuginsa a dunƙule ɗaya. Don haka ba ta roƙon iskar waje. Wayar lantarki na kunna ɗan abin tayarwa, wuta ta kama cikin ramin nan gaba ɗaya, tana ci daga ciki tana nufo bawo. Hayaƙi mai zafi ya cika kwanson ya rasa hanya, sai ƙofa ɗaya a gindi, mai ƙunci kamar maƙogwaro, daga nan ta buɗe kamar bakin mazurari. Ta nan yake fita da gudun tsiya.

Na ce, "To hayaƙi ya yi ƙasa, me ya kai ta sama? Iskar baya take tokara?"

Ya ce ba ta tokarar komai. Ya ce, "Ka taɓa harba bindiga?"

Na taɓa, ta wani maharbi abokina, na yi mako ina tuƙi da hannu ɗaya. Ya ce wannan naushin da kafaɗata ta sha shi ne duk sirrin. Abin da ka jefa baya da ƙarfi, yana tura ka gaba da ƙarfi. Bindiga sau ɗaya take naushi, roka kuwa naushi take ba tsayawa har sabulun ya ƙare.

Na ce, "Ina totur?"

"Babu."

"Birki fa?"

"Babu."

"To in ka kunna ka fasa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ba a fasawa. Ko ka tsoma ta a rijiya ci za ta yi ta yi, tunda iskarta na cikinta. Ya ce manyan da ake tura kaya sararin samaniya da su akwai masu shan mai na ruwa, su ana iya rage musu a ƙara, kamar motata. Amma irin wannan, toturta a siffar ramin take. Ya sake ɗaukar wuƙa ya yi wa ramin kokwambar tsaga-tsaga har ya zama kamar tauraro. Ya ce wuta fuska take ci. In fuskar da take lasa ta yi yawa, hayaƙi ya yi yawa, ƙarfi ya ƙaru. Mai ƙera ta shi ya riga ya taka totur tun ranar da ya zana ramin. Kai naka dannawa.

Na ƙura wa kokwambar ido. Na ce a raina, Sale, ai kai ne wannan. Wani can ya zana maka rami, ka danna, ga ka a tsaunin da ba ka iya faɗin sunansa ba, ba birki. Sai na cinye kokwambar.

Bayan 'yan makonni aka yi ruwa mai iska. Da safe gwiwar Malam Milan ta kumbura, za a kai shi asibiti a gari. Ya miƙo mini makulli ya ce in hau tudu in duba ko ruwa ya shiga ɗakin, in dawo in gaya masa. Abin da ya ce ke nan, in duba.

Na tarar iska ta ɗage kwano ɗaya, ruwa ya jiƙa akwatin da ke bakin ƙofa. To ni ɗan manoma ne. A garinmu duk abin da ya jiƙe shanya ake yi, masara, barkono, katifar yaro. Abokina maharbi ma in albarushinsa ya yi sanyi, a faifai yake baza shi a rana. Na ce yau zan nuna wa Malam cewa ba ci kawai na iya ba. Na buɗe akwatin na fito da su. Kowace sai na riƙe ta a tsaye na buga gindinta a kan dutse, ƙwal, ƙwal, don ruwan da ya shiga ya fito, yadda ake yi wa tocila. Na jera su a kan kwanon da ya faɗo, inda rana ta fi zafi. Ɗaya ta gangara ta faɗi a kan duwatsu, na ɗauko na share mata ƙasa da hulata. Har juya su nake yi, kamar mai gasa masara.

Da azahar na hango Malam, ya dawo daga asibiti, yana hawowa da sanda. Na tsaya da murmushi ina jiran yabo. Ya tsaya cak. Jan fuskarsa ya koma fari. Ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, zo nan. A hankali. Kar ka taɓa komai."

Da na gaya masa har da bugun dutsen, sai ya zauna a ƙasa ya yi ta magana da yarensu. Ban nemi fassara ba.

Da ya huce ya ce, "Kututture da faskare, wa ya fi saurin ci?"

Na ce faskare.

Ya ce to. Sabulun nan in ya sha bugu yana iya tsagewa a ciki. In ya yi zafi ya huce, yana iya saki daga jikin kwanso. Daga waje ba za ka ga komai ba. Amma ranar da aka kunna, wuta za ta shiga tsagar ta samu fuskar da mai zane bai ba ta ba. Hayaƙi ya fi ƙarfin maƙogwaro, matsi ya ƙaru, matsin ya ƙara wa wutar sauri, kwanso ya fashe. Ba a sama ba, nan a kan ƙarfe, ko ta karkace ta nufi gidajen mutane.

Muka mayar da su inuwa, ina ɗauke da kowace kamar jariri. Ya shafa musu jan fenti, ya kira ofishinsu ya ce a zo a kwashe a kawo wasu. Aka ce sai mako mai zuwa. Abin da ya rage masu lafiya bai kai rabi ba.

Hadari bai jira mako mai zuwa ba. Ya zo da la'asar, ƙasansa kore-kore, iska ta ɗauke ɗif. Malina ta nuna jajir a ko'ina, ana tsakiyar tsinka. Muka hau tudu, Goran ya biyo mu. Muryar cikin waya ta ba da umarni, Malam ya harba. Ta sake, ya sake. Har masu lafiya suka ƙare. Muryar ta ce a ƙara.

Goran ya shiga ɗaki ya rungumo mai jan fenti. Malam Milan ya tare ƙofa da sandarsa. Suka yi ta ihu, Goran na nuna gonarsu a gangare, yana nuna ni. Ba sai an fassara mini ba.

Na ce, "Malam, ku koma ƙasa ku duka. Ni na ɓata, ni zan danna. Mai yiwuwa ma lafiyarsu ƙalau."

Ya ce, "Mai yiwuwa."

"To?"

"In ta karkace ta faɗa gidan wani, za ta tsaya ta tambayi wanda ya danna? Zauna, Alhaji."

Ya karɓi rokar daga hannun Goran ya mayar, ya kulle ɗakin, ya gaya wa muryar babu. Muka tsaya a ƙarƙashin kwano. Ƙanƙara ta fara da ɗaya-ɗaya kamar ana jifa, daga nan ta sauko kamar an juye tifar tsakuwa. Wasu sun kai goro. Ba ta daɗe ba. Da ta ɗauke, gefen gabas na ƙauyen lafiya lau, gangaren yamma kuwa, inda gonar Rada take, ganye a ƙasa, rassa a karye, ƙasa ta yi ja kamar an yi yanka.

Da muna saukowa na tambaye shi, "Da an harba sauran, da gonar ta tsira?"

Ya ce, "Tun gashina na baƙi nake harbi a tudun nan. Akwai ranar da na harba duka, ƙanƙara ta zo. Akwai ranar da ban harba ba, ba ta zo ba. Masu ilmin ma gardama suke. Ban sani ba. Kai ma ba za ka sani ba."

Na so ya ce e ko a'a. Da kowanne ya fi mini sauƙi.

Kafin magariba ƙauye duka ya ji labarin baƙon da ya gasa rokoki. Malam ya ce in zauna a ɗaki kwana biyu, shi zai san yadda zai yi da su, in ta ƙi kuma akwai bas ɗin safe. Na auna bas ɗin. Zai mayar da ni tashar Belgired, wurin burodin tsohuwa, da matacciyar takarda. Amma ba wannan ne ya fitar da ni ba. A garinmu in gobara ta ci rumbun mutum ko shanu suka shiga gonarsa, ba a ɓuya, zuwa ake a yi jaje, ko da shanunka ne. Ban san wata hanya ba.

Da safe na sa rigata mai dama-dama, na ja Malam ya yi mini tafinta. Muka tarar da Rada a tsakiyar gonar, tana ɗaga karyayyun rassa tana saki. Na cire takalmi a bakin kunya, na durƙusa a cikin laka. Na ce, "Hajiya, sannu da wannan abu. Allah Ya mayar da alheri. Ya aka ji da haƙuri?"

Malam ya fassara. Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, ta yi magana mai tsawo, hannu na tashi. Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce kai jaki ne."

Na ce, "Gaya mata an sha faɗa, har a gida."

Ya gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Goran ya ce wani abu yana nuna hanyar bas, ta daka masa tsawa ya yi shiru. Ta sake magana, wannan karon a hankali, tana kallon rassan. Malam ya ce, ta ce na bana ya tafi, ko ni ne ko ba ni ba. Amma malina a jikin sabon reshe take haihuwa baɗi, kuma waɗanda suka tsira in ba a yanke masu rauni an ɗaure sauran a waya ba, baɗi ma babu. Aikin ya fi ƙarfinta ita da ɗanta, masu tsinka kuma duk sun gudu gabas inda akwai abin tsinka.

Ta ciro almakashi da ƙullin igiya daga aljihun gabanta ta jefo mini a cinya.

Na ce, "Malam, tambaye ta maganar tikiti."

Ya ce, "Yanzu? Kana da hankali?"

Amma ta gane, don kalmar tikiti ɗaya ce a ko'ina. Ta nuna layin farko, ta ja yatsa har ƙarshen gonar inda ta haɗu da daji, sannan ta nuna sama ta yi alamar jirgi da tafin hannu. Ta ƙara wata magana gajeriya ta juya.

"Wannan fa?"

"Ta ce ka sa takalminka. Kuma duk abin da ka gani a jiƙe a gonar nan, ka bar shi a jiƙe."

Na sa takalmi, na kama reshen farko. Ƙaya ta shige mini babban yatsa, na cire da haƙori, na ɗaure, na matsa na gaba. Ganyen tsaunin ya fara ja kafin in kai bakin dajin, kuma Rada ta cika alkawari.